Dakta Ikilima Ba Ta Yarda Ba

Jalaluddeen Siddiƙ yana gyara wuyan kwat ɗinsa a ƙofar zauren taro lokacin da Madam Latifa ta sake tambayarsa ko Dakta Ikilima ta kusa isowa. Ya ce mata ruwa aka yi, kuma idan unguwar New Bell ta nan Douala ta sha ruwa, ko masu bensikin, wato 'yan acaɓa, ba sa kai baburansu cikin lungunanta.

Shi ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfanin dakon kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Abin da ya shigar da shi wannan harka harafi ɗaya ne, ƙ ɗin da ke ƙarshen sunan mahaifinsa. Duk adireshin intanet da ya gwada buɗewa da sunan, sai na'ura ta tofo shi. Da ya bincika, sai ya tarar ba wani sarki ke kafa ƙa'idojin intanet ba. Mutane ne ke haɗuwa a zauren imel da taruka, kowa na iya shiga, kowa na iya kawo daftari. Ba a ƙuri'a. Ana ta muhawara ne har bakin yawancin mutane ya zo ɗaya.

Ya shiga rukunin da ke duba haruffan Afirka, wanda Madam Latifa 'yar Dakar ke shugabanta, ya miƙa daftarinsa: a karɓi ƙ da ɗ da ɓ, amma a ɗauke su daidai da k da d da b, don kada 'yan damfara su ruɗi mutane.

Zauren da ƙofarsa ke buɗe ga duk duniya ya yi tsit. Madam Latifa ta rubuto masa cikin ladabi cewa shiru ba amincewa ba ne, sai an ji bakin masu harshen.

Sai ya kira taron masu harshen a New Bell. Ya yi hayar kujeru, ya sayo fanke da lemo. Jama'a sun nuna kishin harshensu matuƙa har lokacin da fanken ya ƙare. Alhaji Bashiru mai shagon atamfa ne kaɗai ya yi tambaya.

"Ɗana, wannan ƙa ɗin naka, zai sa a daina ɗauke mana wuta?"

Bayan wannan taro ne Dakta Ikilima ta bayyana a zauren imel. Malamar harshe ce, in ji ta, haifaffiyar New Bell. Saƙonta na farko layi uku ne. Ta ce wanda bai ga bambancin kafa da ƙafa ba, bai kamata a bar shi ya kafa wa kowa ƙa'ida ba.

Jalaluddeen ya mayar da amsa mai shafuka, cike da Faransancin ofis. Ta sake sare shi da layi biyu. Nan take zauren ya farka. Masanan da suka yi wata da watanni ba su da lokacin karanta daftari, sai ga shi sun sami lokacin kallon faɗa. Daga Kano aka sa baki, daga Yamai aka sa baki, har wani Bature da bai san ko sannu ba ya turo ra'ayinsa mai tsawo.

Ita ba ta kunna kyamara a taron bidiyo, rubutu kawai take yi. Ta san raunin kowace hujjarsa kamar tare suka rubuta. Makon da wuta ta lalace a New Bell, su biyun suka yi ɗif, har 'yan zauren suna raha cewa kamfanin lantarki ya sasanta abin da shugaba ta kasa.

Matsalar ita ce mutane sun fara jin maganarta fiye da tasa. Shi yana rubutu ne don a san ya yi karatu. Ita ba ta neman burge kowa, abin da ke gaskiya take faɗa ta wuce. Shawararta ita ce a bar kowane harafi da matsayinsa, amma wanda ya riga ya yi rajistar suna da k, a hana wani ya yi irinsa da ƙ sai da yardarsa. Jalaluddeen ya yi ta jan ƙafa, ya nemi a dawo kan nasa daftarin. Ina, zance ya riga ya fi ƙarfinsa. Kwanaki ta yi shiru, sai wasu suka ɗauki hujjojinta suka ci gaba da dukansa da su.

Daga nan rukunin ya yanke shawarar kawo taronsa Douala, don girmama unguwar da ta haifi irin wannan muhawara mai tsabta. Jalaluddeen ya rame a watan. Matarsa ta ɗauka hassada ce, ta ce masa don mace ta kayar da mutum ba a mutuwa.

Yanzu ga zauren ya cika. Madam Latifa ta nemi masu goyon bayan daftarinsa su yi gunji da baki rufe, yadda aka saba auna ra'ayi a irin wannan taro. Ba a ji komai ba sai ƙarar fanka. Ta nemi na Dakta Ikilima, zauren ya ɗauka kamar amya. Aka amince. Harafin mahaifinsa ya sami hanyar shiga intanet, da sunan wata a saman takardar.

"Bon," in ji Madam Latifa, "ba za mu tashi ba mu ji muryarta ba. Akwai lambar da ta yi rajista da ita."

Ta danna, ta kara wayarta a lasifika. Kowa ya yi shiru don girmama Dakta.

A aljihun cikin kwat ɗin Jalaluddeen waya ta fara kuka, da layin da ya saya ranar da ya zauna ya ƙirƙiro Dakta Ikilima don ya sami ko mutum ɗaya da zai tanka masa.