Gwiwar da Ba Ta Ciwo

Ta kawo wa mijinta kwanon gwate, za ta durƙusa kamar yadda ta saba tun tana amarya, sai gwiwa ta ce ƙas, ta ƙi lanƙwasuwa.

Likita ya riga ya gaya musu guringuntsin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar ya cinye, duk durƙuson da ta yi ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ga sanyin Jos. Ita kuwa ta ce ba a haifi likitan da zai hana ta ladabi ba.

"Hajiya, zauna nan," in ji mijin, ya tashi daga kujerarsa.

"Haba Malam, jikoki su gani?"

"Su gani mana."

Dogon mutumin nan ya tuɓe hula, ya durƙusa gabanta da nishi, ya shiga murza mata man zafi. Ta dubo shi, sai dariya ta ƙwace mata.

"Malam, ashe sanƙo ya fara maka a tsakiyar kai?"

"Ya daɗe. Ke ce ba ki taɓa kallona daga sama ba."

Ta gyara zama, ta miƙo masa ɗaya gwiwar, wadda lafiyarta ƙalau.