Kare Mai Jin Hausa

Clara ta kashe mota a bakin gidan ajiye karnuka, ta ɗan kifa goshinta a sitiyari kafin ta buɗe ƙofa. Daga asibitin da take aikin jinya ta taho, shatin takunkumi bai ko baje daga kumatunta ba. A kujerar baya 'yarta Saratu tana ta jan kunnen yayanta Sabo, shi kuwa ko uffan bai ce ba.

Shirun nan ne ya kawo su. Tun da korona ta rufe makarantu, babansu kuma ya maƙale a wurin aikinsa a Abu Dhabi, sai jefi-jefi yake zuwa gida, Sabo ya daina magana, komai sai da kai. Likitar yara ta ce a gwada samo masa dabba. Mai gidan da suke haya a unguwar International City ta Dubai ya yarda, in dai ba mai yawan haushi ba ne. Clara ta yi ta bincike a waya har idonta ya yi ja, wannan ya ce kare irin labrado ya fi, wancan ya ce irin fudul. Ta gaji da karatu, ta ce bari ta gani da ido.

Wurin ya cika maƙil. Shekarar nan mutane da yawa sun rasa aiki sun koma ƙasashensu, karnukansu suka rage. Ma'aikata masu korayen riguna suna ta kai-komo, ba wanda ya kalle ta. Tana cikin tsawata wa Saratu sai wani mutum mai ɗan furfura ya tashi daga kan bokitin da yake zaune, ya gyara tsohuwar rigarsa mai ruwan toka.

"Sannu, Maman yara. Na ji Hausa. 'Yan ina ne?"

"Kafanchan."

"Ni Sati, daga Pankshin. Kare kike nema wa waɗannan?"

Ta ce e, ta nuna wani kare irin haski mai shuɗin ido da Saratu ta liƙe wa kejinsa. Sati ya girgiza kai. Ya ce wannan karen ƙasar ƙanƙara ne, zafin Dubai wahala yake ba shi, in kuma bai yi gudu ba sai ya cinye kujerun gida. Ta nuna wani ɗan mitsitsi mai rawar jiki. Ya dubi hannun Saratu, ya ce ƙananan nan ba su da haƙuri, ja ɗaya za ta yi masa ya kai mata cizo. Kare irin saluki da ke gefe kuwa kyau ne da shi, amma ba ruwansa da yara.

Clara ta jingina da bango. Ƙafafunta suna zogi.

"To wanne, Baba? Wallahi ba ni da ƙarfin zagaye."

Ya kai su keji na ƙarshe. Wani kare ne ja, ba kyakkyawa ba, rabi labrado rabi karen sahara. Yana ganinsu ya miƙe yana kaɗa bindi kamar zai karye.

"Baƙo, zauna," in ji Sati a hankali, yana kiran sunan karen. Kare ya zauna.

"Har Hausa yake ji?"

"Ni na koya masa."

Ya zare sakata. Kafin Clara ta riƙe ta, Saratu ta damƙi kunnen karen da hannu biyu ta ja. Baƙo ya runtse ido kawai, ya jira ta saki, sannan ya lashi gwiwar hannunta. Daga nan ya taka wajen Sabo ya tsaya a gabansa. Yaron ya daɗe yana kallonsa, sai ya ce da wata dusasshiyar murya, "Zauna." Kare ya zauna a kan ƙafarsa. Clara ta juya tana gyara takunkumi, don kada yaran su ga fuskarta.

Sai Sati ya shiga yi mata tambayoyi. Ana barin na'urar sanyaya ɗaki a kunne da rana in ba kowa? Wa zai riƙa fita da karen? Maigidan yana dukan dabba? Bizarsu da sauran lokaci, ko suna shirin komawa gida? Ta amsa duka, ta ɗauka ƙa'idar wurin ce. Ya ce a fita da shi da sassafe, kwalta tana ƙona masa tafin ƙafa da rana. Yana tsoron ƙarar injin shara. In ya ƙi cin abinci, a cakuɗa masa shinkafa da kifin gwangwani. Ya ciro wata igiya da ta sha jiki daga aljihun wandonsa, ya ɗaura masa, ya sa ƙarshenta a hannun Sabo.

"Khalas, shi ke nan. Ku je ofis ku sa hannu. Ni a nan zan tsaya."

Karen ya yi ta waiwaye a hanya, sai da Sabo ya ɗan ja shi.

A ofis wata 'yar Filifin ta karɓe su, ita ma da alamar gajiya. Da aka gama, Clara ta ce tana so a isar da godiyarta ga ma'aikacinsu ɗan Najeriya, don ya san aikinsa. Matar ta ɗago kai, ta dubi igiyar da ke hannun Sabo, ta leƙa ta taga inda bokitin yake, babu kowa a kai.

"Ba mu da ma'aikaci ɗan Najeriya, Madam," ta ce. "Mutumin nan, karensa ne. An soke bizarsa, gobe jirginsa zai tashi, kuma tun da ya kawo shi kullum yana nan zaune yana korar duk wanda bai kwanta masa ba."