Burtu Bakwai na Malam Jibrilla

Kowace safiya Malam Jibrilla yakan shiga rumfar zanar da ya kafa a kan tudu, ya goge madubinsa na hangen nesa da gefen riga, ya buɗe littafi ya hau ƙidayar tsuntsaye. Daga Sakkwato aka turo shi ya kula da tafkin bayan Turba, wanda aka keɓe saboda agwagin ruwa masu zuwa daga Turai lokacin sanyi. Yana da takardar shaida a kan ilimin tsuntsaye, kuma bai bar kowa a ƙasar Isa ya manta da hakan ba.

Shekara ta biyu ke nan ana fari. Gero ya ƙone a tsaye, shanu sun zube, tafkin ya janye ya bar laka tana tsagewa. A wannan hali Jibrilla ya tara mutanen gari ya karanta musu doka: ba farauta, ba ɗana tarko. Ya ƙwace bindigogi goma sha ɗaya. Sannan ya yi musu bayani dalla-dalla, kamar mai koyar da yara, cewa agwagwar da ta keto hamada baƙuwa ce, tana da hakki a kansu. Mutanen da suka kwana biyu suna cin tafasa ba ƙuli suka saurara, suka yi godiya, suka watse.

Duk da haka agwagin suka yi ta raguwa, daga ɗari huɗu har suka koma tamanin. Jibrilla ya ɗora wa fari laifi.

Abin da ke sanyaya masa rai shi ne burtu. Guda bakwai, manya, baƙaƙe wuluk, irin tsuntsun da littafinsa ya ce ya kusa ƙarewa a arewa. Da hantsi sukan ɓullo can ƙetaren ruwa cikin kaba, suna takawa a hankali suna caccakar ƙasa, agwagi na kiwo kusa da su. Bai taɓa matsawa wurinsu ba. Littafi ya hana damun tsuntsu, takalmansa kuma ba na laka ba ne. Ya dai rubuta cewa sau ɗaya a mako ba sa fitowa, ya ja layi a ƙarƙashi. Azahar na yi yakan rufe littafi ya tafi cin abinci da barcinsa.

Sai ga takarda. Ana rage ma'aikata, kuma Darakta da kansa, Alhaji Usmanu, zai zo ran Talata. In babu abin gani a tafkin, za a rufe wurin a sallami mai kula da shi.

Jibrilla ya tsorata ƙwarai. Agwagwa tamanin ba za ta cece shi ba, burtun ne kaɗai. Ya sauke girman kai ya tafi wurin Na'Allah, sarkin bakan gari.

"Baba, ka ja wa mutanenka kunne. In aka taɓa min burtu ɗaya, na shiga uku."

"Kwantar da hankalinka, Malam," in ji tsohon. "Burtun ga babu mai harbin su. Ran Talata kau suna hitowa, in Allah ya yarda."

Suka fito kuwa. Alhaji Usmanu ya karɓi madubin yana yatsina, ya kafa a ido, sai fuskarsa ta washe.

"Bakwai, Jibrilla. Rabona da ganin ko ɗaya tun ina yaro."

Ya ƙi sakin madubin. Azahar ta yi, suka yi salla nan cikin rumfa, ya sake komawa kallo. Direba ya gaji da jira, ya ja motar ya tafi Isa neman mai, tana ƙara har ta ɓace. Jibrilla, wanda bai taɓa kai wannan lokaci a rumfar ba, ya tsaya a baya yana zuba bayani a kan halayen burtu, cikinsa na kukan yunwa, zuciyarsa fal murna. Darakta ya ce wannan tafki ba rufewa, har ma yana tunanin tura Jibrilla kwas Ingila.

Daga Turba ladan ya kira la'asar.

Jibrilla ya ga hannun Darakta ya tsaya cak. Can ƙetaren ruwa, burtun nan bakwai suka miƙe tsaye kan ƙafa biyu, suka kwance sassaƙaƙƙun kawunan burtu daga goshinsu, suka yaye baƙaƙen mayafai, suka ajiye baka da agwagin da suka samu, suka yi alwala, babban cikinsu, Na'Allah, ya shiga gaba ya ja su salla.