Mai Riƙe Farin Ƙyalle

Na duba duk hotunan da ke cikin kyamarata, ban sami fuskar Ikrima ba.

Mun daɗe muna ɗaukar fasfo a bakin kasuwar Birnin Kudu. Ni ke danna kyamara, shi kuma ya tsaya bayan mutum ya ɗaga farin ƙyalle da hannu biyu. Duk fuskar da na ɗauka Ikrima yana bayanta, amma ƙyallen ya rufe shi. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, ban taɓa ce masa ya zauna in ɗauke shi ba.

Mota ce ta buge shi a hanyar Gwaram, zai kai wa Innarsa Batulu maganin ido kamar yadda ya saba. Wayarsa ta ragargaje da duk hotunan da ke cikinta. A Birnin Kudu muka binne shi, babu wani dangi da ya zo.

Bayan sadakar uku Inna ta aiko daga Dingaya: yanar ido ta kusa rufe mata gani, tana so ta kalli fuskarsa a hoto kafin hasken ya ɗauke.

Na je Wurno gidan wani biki da muka ɗauka, na bi wayoyin abokai ɗaya bayan ɗaya. Nan ƙeya, can rabin kafaɗa. Da na rasa yadda zan yi, na wanke wani fasfo da yatsunsa suka leƙo a gefen ƙyalle, na hau acaɓa zuwa Dingaya.

Na durƙusa a bakin ɗakinta.

"Inna, na kasa. Yatsunsa kawai na samu."

Ta kai hoton daf da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Dubi farata, ja'iri, bai taɓa yanke su da kyau ba." Ta share hawaye da bakin zane. "Kai ne Haladu? Ya ce ba ka da kowa, ga minshari."

"Ni ne. Allah ya ba ki haƙurin rashin ɗa."

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta miƙo mini wani tsohon hoto. Saurayi ne da ban taɓa gani ba. Ta turo kwanon tuwo gabana.

"Wannan na haifa, Safiyanu, shi kaɗai. Da ya rasu a Kano, abokinsa ne ya kawo mini hotonsa, ya durƙusa nan inda kake. Na ce ya ci tuwo kafin ya tafi. Tun daga ranar Ikrima yake ce mini Inna."