Sababbin Kayan Baba

Shuɗiya ce rigarsa, in ji Auta. Ɗan sandan ya rubuta, ma'aikaciyar otal tana yi musu tafinta. Babanta dattijo ne dogo, mai farin gemu da tabarau. A bakin kogi ya ɓace mata, in ji ta, wajen da baƙi ke ɗaukar hoto. Ta juya sayo masa ruwa, ta waiwayo babu shi.

Aka tambaye ta ko yana ɗauke da wata shaida. Babu. Fasfonsa na jakarta, don in an ba shi sai ya adana inda ko shi ba zai sake gani ba. Waya kuwa an daɗe da karɓe masa, tun da ya fara kiran abokansa da suka rasu yana faɗa da waɗanda suka gaji lambobin. Harsuna da dama ya koyar a jami'a, a zamanin da ɗalibai ke tsayuwa a taga don su ji shi, amma harshen wannan birni ba ya ciki. Sunansa ma sai ranar da ya ga dama yake zo masa.

Tun rasuwar Mama ita ke riƙe da shi. Ita ce wanka, ita ce magani, ita ce ɓoye makulli da ashana. Ta ajiye aikinta na ɗakin magani. Mijinta ya fara da kwana a falo, ya ƙare a gidan ƙaninsa. Yayyenta kuwa ba su taɓa fasa kiran waya suna sa mata albarka ba.

Ranar da ta ce za ta kai Baba wata ƙasa ya ɗan sha iska, Yaya Babba dariya ya yi, ya ce mutumin da ke ɓata tsakanin ɗaki da banɗaki ne za a kai yawon buɗe ido? Ta tuna masa yadda Baba ke son tafiya. Ta shiga kasuwa ta haɗo masa kaya sababbi ful, tun daga hula har safa, ko zare ɗaya na tsofaffin bai shiga akwati ba. Matar Yaya ta ga hoton ta ce ai saura a nemo masa amarya.

Yanzu ga ta a ɗakin otal, gado biyu, ɗaya ba kowa, Yaya Babba na kan waya.

"Ki kwantar da hankalinki, Auta. Ai akwai ɗinkin Mama a wuyan rigarsa."

Mama, Allah ya jiƙanta, da allura ta yi maganin ɓatan Baba. Duk abin da zai sa a jikinsa sai da ta ɗinka masa sunansa da lambar wayar Auta da jan zare, har da lambar ƙasa, don ba ta yin abu rabi. Da wannan ɗinki direbobi da masu shago suka sha dawo da shi gida.

"Yaya, sababbin kaya ne a jikinsa."

Yaya ya ce kada ta zargi kanta, alheri ta nufa, kowa shaida ne.

Ta kife wayar a kan tebur. Daga taga tana ganin jiragen ƙasa suna fita daga babbar tasha, suna shigewa bayan gine-gine. Ta daɗe tana kallonsu. Gajiya dai ba ta da kunya: ta yi barcin da rabonta da irinsa tun Mama na raye.

Da hantsi wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta bar ta ta yi ta yi kafin ta ɗauka.

An gan shi. Mai shara ce ta tarar da shi jiya a tashar ƙarshe ta jirgin ƙasa, can bayan gari, shi kaɗai a tarago yana yi wa kujeru darasi. Babu wanda ya gane abin da yake faɗa, aka kwana da shi a asibiti. Sai da safe, da ya buɗe gidan tabaransa zai goge gilashi, wata ma'aikaciyar jinya ta hango jan zare a gefen ƙyallen da yake gogewa da shi.

Suka shigo da shi zauren otal cikin rigarsa ruwan toka, hularsa a karkace. Auta ta dubi ƙyallen a hannun ɗan sanda. Ta yi kuka har mai tafinta ta kama nata, tana bubbuga mata baya. Ɗan sandan ya yi mamakin yadda tsoho ya kai kansa tasha daga bakin kogi, ya ɗaga kafaɗa, ya ce irinsu sun fi yara wuyar tsaro.

Baba ya dafa kanta. "Yi haƙuri, 'yar nan, na ɓata miki hutu. Amma na riƙe miki kujerarki, ban bar kowa ya zauna ba."

"Na gode, Baba," in ji ta.

Ta karɓi ƙyallen, ta zare masa tabarau ta goge tas, ta mayar masa a fuska. Gidan tabaran ta sa masa a aljihu. Ƙyallen ta linke ta sa a jakarta, ta ce masa ya huta, ai hutu bai ƙare ba, gobe ma za su fita.

Duk ɗinkin Mama ta tuna da shi, har na cikin safa, shi ya sa ta yi masa sababbin kaya. Wannan ɗan ƙyalle kaɗai ta manta jiya, lokacin da ta zaunar da shi a jirgin ta sauko kafin ƙofa ta rufe.