Littafin da Sailuba Ta Koya

Sailuba ta sayi littafin a wani kanti a unguwar Kongo, ta ɓoye shi cikin gyale har gida kamar kayan sata.

Littafin yara ne mai hotuna. A shafin farko wata mata ce zaune a gindin mangwaro, bayanta babu goyo. A na ƙarshe ita ce dai, tana dariya, da jaririya a cinyarta. Sailuba ba ta yi boko ba. Da yatsa ta riƙa bin baƙaƙen, in ta cije ta tambayi mijinta Ya'u, har ta iya karanta shi daga bango zuwa bango.

Ba don kanta ta koya ba. Yayarta Maijidda malamar firamare ce, tana da akwati guda na irin waɗannan littattafai. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta na Ƙofar Doka, yarinyarta Asama'u ta kwanta a jikinta, ana karatu ana dariya. Sailuba takan ƙirƙiri uzuri ta je, ta zauna gefe tana tsintar shinkafar da ba a sa ta ba. In ta ga yarinyar tana wasa da 'yan kunnen Maijidda, sai ta mayar da idonta kan shinkafar. Sau da yawa a hanyar gida istigfari take yi.

Wajen neman haihuwa ta sha rubutu, ta sha saiwoyi masu ɗaci, ta bi layin asibiti har likita ya ce shi bai ga komai ba. Ya'u bai taɓa yi mata gori ba. A gidan suna kuwa mata sun daina tambayarta, sai dai su miƙa mata jariri su kau da kai.

Sai labari ya zo an mayar da mijin Maijidda Abuja, ranar Asabar za su tashi. Abu ɗaya Sailuba take so kafin nan: yarinyar ta zauna a cinyarta, ta ji labari daga bakinta, ko sau ɗaya.

Ranar Juma'a ta same su ana ɗaure kaya. Ta fito da littafin. Maijidda ta dube shi, ta dubi ƙanwarta, sannan ta ce wa Asama'u ta je wurin Antinta. Yarinyar ta noƙe kafaɗa, ta ce Ummanta ta fi iyawa. Sai da aka yi mata alkawarin alewa ta zo, ta ɗosana a bakin gwiwa, ba ta jingina ba.

Sailuba ta fara karantawa. Gashin yarinyar na ƙamshin man kitson Maijidda. A tsakiyar labarin ta yi tuntuɓe da wata kalma, Asama'u ta gyara mata tana dariya. Da suka zo hoton da matar ke kuka a kan sallaya, yarinyar ta ɗora yatsa a kai, ta ɗago ta dube ta.

"Anti, ke ma ki yi ta addu'a. Umma ta ce haka ta yi har Allah ya ba ta ni."

Maijidda ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ninke zannuwa.

Ba su kai shafin ƙarshe ba. Asama'u ta zame, ta zare littafin, ta ruga ta faɗa jikin Maijidda, ta ce a sake karanta mata yadda ake yi.

Sailuba ta yi musu fatan sauka lafiya, ta gyara gyalenta. A zaure ta tsaya. Daga ciki tana jin muryar yayarta, tas, babu tuntuɓe.

Ta jingina da bango tana tuna ranar da gwaggonninsu suka zaunar da ita, suka ce Maijidda ta daɗe tana jiran haihuwa, ita kuwa yarinya ce ɗanya, wasu na nan tafe. Ta yarda da su. Da hannunta ta shafa wa nononta maɗaci, ta kwance Asama'u daga bayanta, ta miƙa wa yayarta.