Baki na Huɗu

Ana fita sallar azahar, Mainasara ya zagaya bayan babbar kwamfutar ofis da filaya a hannu.

Ya tsufa yana aikin akawu a wani ofishin gona a Bodinga. Amma Haliru, ɗan garin Shagari da ya zo jiya-jiya, shi ake ta yabo, don ya saka wa kwamfutar, mai tsarin Yuniks, wani kati mai baki huɗu, kowane baki za a jona masa allon kwamfuta na ma'aikaci guda. Uku na manya ne. Na huɗun kuwa, a ganin Mainasara na Haliru ne, mai rabon nama ai ba ya manta kansa.

Mainasara ya kakkarya haƙoran baki na huɗu. Ya san a wannan zamani na matsi ba mai sayo wani katin.

Bayan sallah Haliru ya shigo rungume da allo, ya dire shi a teburin Mainasara.

"Baba, tun da sahe nike saita maka na huɗun ga. Da ƙyar manaja ya yarda in bar maka, ni biro ya ishe ni."

Ya miƙa masa wayar allon da hannu biyu.

"Bismilla, jona da hannunka."